Ɗaurayar Minti Goma

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 7:10 na safe

Auta ce ta sayo min littafin nan. Ta ce tunda na ƙi yi wa mutane magana, in yi wa takarda. To, ga ni.

Kwana shida ke nan ina haɗa shayi kofi biyu, sai na gama zuba na biyun nake tunawa. Yau ma na shanye duka, don Alƙaliya ba ta son a zubar da abu. Matata ke nan. Shekara arba'in da ɗaya ina kiranta haka, saboda ba a taɓa tayar da magana a gidan nan ba ta yanke hukunci ba, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Ita kuma "Mai hoto" take ce min, sai ka ce wadda ta shigo shago ɗaukar fasfo.

Tana ɗaki na huɗu a asibiti, gadon da ke jikin taga. Ranar ashirin ga wata za a yi mata aikin tiyata. Abin da likita ya faɗa min a baranda ba zan rubuta shi ba, kuma ban gaya mata ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Yau ta ba ni aiki. Ina ɓare mata lemo sai ta ce, "Mai hoto, ka kawo min hoton nan."

Na ce, "Wanne? Hotuna sun fi dubu a gidan."

Ta ce, "Kada ka raina min hankali. Guda nawa ne na yi dariya a ciki?"

Guda ɗaya ne tak. Matar mai hoto ce, amma da ta ga kyamara sai ta tsuke baki ta haɗe rai kamar an kawo mata sammaci. Wushirya gare ta, an tsokane ta a kai tun tana yarinya, shi ya sa take ɓoye haƙoranta. Ni kuwa wushiryar nan ce ta hana ni sukuni da ina saurayi.

Ta ce tana so ta gan shi kafin ranar ashirin. Na ce gobe-goben nan.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Na same shi. Yana ƙasan akwatinta, cikin ambulan, ƙarƙashin zannuwan da ta daina ɗaurawa.

Alhamis, ƙarfe 2 na rana

Na kai shi bakin taga, na kai shi ƙarƙashin fitila, na goge tabarau na sake dubawa. Hoton ya tafi. Takardar ta koma launin shayi da madara. Abin da ya rage inuwar ɗankwali ce, da kafaɗa ɗaya, da ƙafar kujera. Inda fuskarta take babu komai.

Laifina ne, har ranar da na yi shi na sani. Idan an fitar da hoto daga maganin ƙarshe, sai an ɗauraye shi a ruwa mai gudu. Maigidana da ya koya min aiki yakan ce, "Awa guda a ƙarƙashin famfo, ko da gobara ake yi." In ba haka ba, ragowar maganin zai zauna cikin takarda yana cin hoton a hankali, ba a ganewa sai bayan shekaru. Hotunan mutane dubbai na ɗauraye awa guda cur, har yau ina shiga gidaje in gan su a bango garau. Wannan kaɗai na yi wa minti goma.

Na ce mata ban gan shi ba tukuna. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ci gaba da shan ruwanta.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Na buɗe shago, karo na farko tun da aka kwantar da ita. Idan na sami fim ɗin da na ɗauki hoton a kai, zan wanke sabo, babu wanda zai sani. Ɗakin duhuna yana nan yadda yake, da jar fitila da tire uku. Ina da ragowar magani da fakitin takarda ɗaya da na ɓoye, ko da yake yanzu aikin duka na fasfo ne, inji ke fitarwa.

Matsalar ita ce fina-finan. Kwali goma sha bakwai ne a kan kanta, kuma ban taɓa rubuta shekara a jikin ko ɗaya ba, wai ni mai ƙwaƙwalwa. Tun safe nake ɗaga su ga haske ɗaya bayan ɗaya. Angwaye, jarirai, 'yan makaranta da kofi, wani mutum da sabon babur. Kowa yana murmushin da na ce ya yi.

Mai agogo, maƙwabcina na shekara talatin, ya leƙo da gilashinsa a goshi. Ya ce, "Mai hoto, kaya kake haɗawa? In ka tashi ka bar min kujerar."

Na ce, "Kujerar za ta ga bayanka." Sannan na gaya masa gaskiya, don shi ba ya da wanda zai kai wa.

Ya zauna yana taya ni ɗagawa, yana riƙe su a juye.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Bari in rubuta ranar, ko ita ta zauna a wani wuri.

Shekara ta biyu ce da aurenmu, ranar da aka ba ni makullin shagon. Fenti bai gama bushewa ba, warinsa har kan titi. Ta zo ta share, ta goge taga, ta ce labulen bayan da na saya mai zanen gida da furanni ƙarya ce tsagwaronta, wa ya taɓa ganin gida haka? Na roƙe ta ta zauna in gwada kyamara. Ta zauna, ta tsuke baki kamar kullum.

Ina riƙe da igiyar da ake matsawa kyamara ta ɗauka, ina ja da baya ina cewa, "Ɗan ɗaga haɓa." Na manta bokitin da ta yi goge-goge yana bayana. Na zauna a cikinsa daram, ƙafafu sama. Ta fashe da wata irin dariya har da hawaye, ni kuma garin faɗuwa na matse igiyar.

Da jiƙaƙƙen wando na shige ɗakin duhu. Ina kallo fuskarta ta fito cikin magani, baki a buɗe, wushirya a fili, ido a rufe. Ban taɓa ɗaukar hoto kamarsa ba, kuma ba gwanintata ba ce, ta bokiti ce.

Na sa shi a ƙarƙashin famfo ke nan ta fara ƙwanƙwasa ƙofa. Na yi mata alkawarin koya mata keke a filin bayan makaranta, na ma aro keken. "Mai hoto, fito, rana za ta faɗi." Na ce saura kaɗan. Ta sake bugawa. Ta sake. Na dubi agogo, minti goma. Na ce ai ya isa, na shanya shi na fita.

Sau huɗu ta faɗi a filin nan, sau huɗu ta ce laifina ne. A na biyar na saki sirdin ba ta sani ba, ta yi ta tafiya ita kaɗai tana yi min faɗa, ina tsaye can baya. Ban taɓa jin daɗin duniya kamar yammacin nan ba, kuma a lokacin na ɗauka haka sauran ranaku za su kasance.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Kwali biyar. Babu.

Ta tambaya. Na ce ina jin yana shago.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Yau na ci karo da kwalin hotunan da ba a zo karɓa ba. Mai agogo ya ɗauki na wasu ango da amarya, ya ce, "Waɗannan fa?"

Na ce, "Kafin in gama wankewa sun rabu."

Ya ce, "Ka gani ko? Ni shi ya sa na ce jin daɗi agogo ne na murɗawa. Ka murɗa shi yau, gobe ya tsaya. Babu mai tafiya da kansa."

Na ce, "Kai da ba ka taɓa aure ba, a ina ka sani?"

Ya ce, "A bakin masu aure. Nan suke zama suna jiran gyara."

Na yi dariya, amma maganar ta bi ni har gida. Shekara arba'in ina ce wa mutane, "A yi murmushi, a riƙe haka." Daƙiƙa uku suke riƙewa, da na ce an gama sai fuska ta koma yadda ta shigo. Wasu sukan dawo bayan shekaru su ce in yanke musu wani daga cikin hoton, har almakashi na musamman gare ni. Duk da haka na yi ta ganin namu daban ne, namu yana akwati a ajiye, ba abin da zai taɓa shi. Ban buɗe ambulan ɗin ba ko sau ɗaya cikin shekara ashirin.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Kofi biyu kuma.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Auta ta kama ni. Ta zo shago kawo min maganina, ta tarar da ni da hoton a hannu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Baba, ai wannan ba wuya. Waya tana gyarawa."

Ta ɗauke shi da wayarta, ta haɗa da wani tsohon fasfo na uwarta, ta yi danne-danne. Kafin in gama gyara zama ta miƙo min. Ga mace nan kyakkyawa tana dariya a kan kujerata, haƙora a jere ras kamar na tallar man goge baki.

Na ce, "Wannan 'yar wace ce?"

Ta ce, "Mama ce mana."

Na ce, "Ina wushiryar?"

Ta sake duba wayar. Can ta ce, "Baba, idonta ba ya gani sosai yanzu. Ba za ta lura ba."

Na ce mata matar da ta gane na canza mata cokalin shayi tana daga wani ɗakin ba za a kai mata baƙuwa a ce ita ce ba. Na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata. Yarinyar ta share ido, ta ce ita ma tsoro take ji, ba ni kaɗai ba. Na ji kunya ƙwarai.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Na sami fim ɗin, a kwali na goma sha huɗu, wanda ruwa ya taɓa shekarar da rufin ya yi yoyo. Duk sun manne sun zama dunƙule ɗaya. Na gane su da aikin makon farko, hoton mai shagon takalmi yana sama. Na jiƙa, na lallaɓa, na ɓamɓare a hankali. Hoton ya biyo ruwa ya bar ni da farar leda.

Mai agogo bai yi tsokana ba yau. Ya rufe shagonsa ya raka ni har tashar mota.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Babban ɗanmu ya bugo waya, ya ce ya sami hutu, zai iso Laraba. Ta ce, "Me ya yi zafi? Ɗan aiki ne ƙarami, in ji ubanka." Tana faɗa tana kallona.

Ta rame. Zobenta yana juyawa a yatsa, nas ta naɗa masa zare.

Ba ta tambayi hoton ba. Gara ta tambaya.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yau na sa ambulan a aljihu na tafi.

Na zauna, na yi zancen zafi, na yi zancen famfon gida. Ta ce, "Mai hoto, aljihunka yana ƙara. Fito da shi."

Na miƙa mata, na kawar da kai ina kallon taga. Na ji ta zaro shi. Na ce, "Ya lalace. Ni na lalata shi. Minti goma na yi masa."

Ta ce, "Kafaɗar ma ta fara tafiya. Bara tana nan sosai."

Na juyo. Ta ce duk shekara tana fito da shi idan tana shanya zannuwa. Ido ne ya fara tafiya, shekarar da aka haifi Auta, sai hanci, bakin ne ya fi daɗewa. Ta tura shi ƙasan akwati ne don ta san ni, zan hana kaina barci a kan takarda.

Na ce, "To me ya sa kika sa ni wahala kwana goma sha uku?"

Ta ce, "Ina so in ga ko sau ɗaya za ka kawo min abu yadda yake. Kai kullum sai ka shafe ƙurji, ka cike sanƙo, ka gyara karkataccen wuya. Har maganar likita ka yi wa kwalliya."

Na ce, "Ashe kin sani?"

Ta ce, "Ni ya fara faɗa wa, kafin kai. Ni na ce ya faɗa maka a baranda, don kada ka yi kuka a gaban mata."

To, na yi shi a gaban matan. Tsohuwar da ke gadon kusa ta juya ta fuskanci bango, Allah ya saka mata.

Da na natsu na ce da na sani da na yi masa awa gudan. Ta ce, "Da ka yi, da rana ta faɗi, da har yau ban iya keke ba. Ni na buga ƙofar, kuma ko yau aka mayar da ni sai na buga." Ta ɗora hoton a ƙirjinta. Ta ce ita tana ganin komai a ciki, har da jiƙaƙƙen wandona da bai ma fito ba.

Na tambaye ta abin da mai agogo ya bar ni da shi, ko akwai jin daɗin da ba ya tsayawa. Ta ce, "Ka gaya masa ya ji da agogunansa. Ni dai na ji daɗi ranar, na ji daɗi da na tuna, yanzu ma ga shi ina ji. In ya yanke a tsakani, me? Ko wutar lantarki tana yankewa, ba a ce gidan ba wuta." An yanke hukunci, babu ɗaukaka ƙara.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Na kai tsohuwar kyamara asibiti, da fim ɗaya da ya rage. Nas mai tabarau ta ce minti biyar kawai. Babban ya iso, ya gyara mata matashi, Auta ta ɗaura mata ɗankwali.

Da ta ga na ɗaga kyamara sai ta tsuke baki. Shekara sittin da uku, hali bai canza ba.

Na ce, "Ɗan ɗaga haɓa." Na fara ja da baya. Tun a hanya na shirya abina, na ga inda kwandon shara yake. Na miƙa wa Auta kyamara wai in gyara labule, na taka baya, na zauna a ƙasa ina wuntsila ƙafa.

Ta ce, "Wannan faɗuwar ta ƙarya ce."

Gaskiyarta. Sai dai da na zo tashi gwiwa ta ƙi. Na dafa gado, na dafa kujera, kujerar mai taya ce ta gudu ta bar ni. Babban ya kama hannu ɗaya, nas ta kama ɗaya tana cewa, "Baba, ko kai ma in nemo maka gado?" A nan ne Alƙaliya ta saki dariyar, irin waccan, har tana riƙe ciki tana cewa mu bari za mu fama mata ciwo. Na ji ƙarar kyamara a hannun Auta.

Da za mu tafi ta ce, "Wannan ka yi masa awa gudan. In na fito in gani."

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 8:15 na safe

Sun shiga da ita. Ta ba ni zoben da zarensa, ta ce kada in sa a aljihun da ya huje.

Alhamis, ƙarfe 11 na safe

Shiru.

Alhamis, ƙarfe 2:40 na rana

Likita ya fito. Baranda kuma.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Gida cike da masu ta'aziyya. Kowa da kofinsa, ba sai na ƙirga ba.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Auta ta kawo kayan daga asibiti cikin leda. Tabarau, takalmi, rabin lemo da ya bushe, da ambulan. Na mayar da shi ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwan.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Baƙi sun watse, Babban ya koma jiya. Na ce wa Auta zan je shago in share ƙura.

Maganin ya tsufa, na yi ta fargabar ba zai kama ba, amma ya kama. Ina tsaye a ƙarƙashin jar fitila ta fito a hankali, ɗankwali tukuna, sai kafaɗa, sai fuska. Hoton ya ɗan karkace, hannun Auta ya yi rawa, kuma sanƙona ya shigo ta gefe ɗaya tare da hannun nas. Baki a buɗe, ido a rufe, wushirya tana nan. Ban gyara komai ba.

Mai agogo ya ara min agogon tebur ba tare da ya tambayi dalili ba. Na ɗora shi a kan kanta, na sa hoton a tire, na buɗe famfo.

A minti na goma na juya na dubi ƙofa. Na san wauta ce, amma na duba. Ta ƙasan ƙofar ina ganin hasken yamma yana raguwa, irin lokacin da filin bayan makaranta yake yin sanyi.

Na yi masa awa guda cur. Wannan zai fi ni daɗewa, zai fi Auta ma. Babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa.